Tambaya da Amsa: Ya haddace izu biyar amma gaisuwa sai an tuna masa

Tambaya: Salamu alaikum Malama, ni uwa ce daga Gusau, yarona yana aji huɗu a firamare ta Islamiyya, ya haddace izu biyar ga Arba'una Hadisi ya kusa rabi, amma wallahi a gida ko gaisuwa sai an tuna masa, ga tsokanar ƙannensa. Kuma a katin sakamakonsa wajen ɗabi'u duk biyar-biyar aka ba shi. Makaranta ce ta gaza ko ni ce?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya shirya mana zuri'a. Wannan biyar-biyar ɗin kada ta ruɗe ki. Layukan nan na gaskiya, tsafta, ladabi da zuwa a kan lokaci da ake ba maki daga 1 zuwa 5, a makarantu da yawa malami ranar da za a raba kati yake zama ya cike su duka, aji cike maƙil, sai yaron da ya yi ƙoƙari a hadda ya kwashi biyar har a wajen gaskiya, alhali ba wanda ya sa masa ido.

Ni a ganina ma'aunin tarbiyya sai ya zama abin da ido ke gani kuma ya bi shekaru. Hadisin Abu Dawud ya ce a umarci yaro da sallah yana shekara bakwai, sai a goma ake maganar horo, kin ga shekara uku kenan ta koyarwa da haƙuri. Ɗan aji ɗaya a duba yana sallama, yana ci da hannun dama. Irin naki kuma a duba yana alwala ba sai an kora shi ba, in ya tsinci biro yana kai wa malam ko aljihu yake jefawa, in an taɓa shi a layi yana ramawa ko yana kai ƙara. Hadisi na 16 a Arba'una, wanda na tabbata ya riga ya haddace, shi ne kada ka yi fushi, to a tambaye shi sau nawa ya yi aiki da shi a satin nan.

Ki je wajen hedimasta da kanki, kada ki jira taron iyaye, ki roƙi a buɗe ɗan littafi da malamin aji zai riƙa rubuta layi biyu duk ƙarshen mako ke ma ki rubuta naki ki mayar. Maganar gaisuwa kuwa, ki lura ko ke da Baban nasa kuna gaisawa a gabansa da safe.