Sabon gida a Ingila: taurarin kamfani ba su isa hujja ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aikin jinya a wani asibiti kusa da Leeds, ni da iyalina haya muke yi. Mun je wata sabuwar unguwa da ɗaya daga cikin manyan kamfanonin gine-gine ke ginawa, gidan da suka ƙawata don nuni ya burge mu ƙwarai: ɗaki uku, fam 285,000. Sun ce taurarinsu biyar, kuma in muka ba da kuɗin kamu a wannan watan za su sa mana kafet da kayan kicin kyauta. Wani abokin aikina ya ce gidajen irin waɗannan kamfanoni kwali ne kawai. Rabin kafin-alƙalamin daga adashe zai fito, sauran kuma zan sayar da filina na Kano. Ta yaya zan gane ko gidan yana da ƙwari, kuma ko ya kai kuɗinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sanya alheri, ya raba ku da haya lafiya.

Abokin aikinka kuɗin goro ya yi musu. Manyan kamfanonin gine-gine irin su Barratt Redrow, Persimmon, Taylor Wimpey da Bellway, kowannensu yana gina dubban gidaje a shekara, kuma galibin masu jera bulo da masu wayarin da masu famfo 'yan kwangila ne da ake ɗauka a kowane wuri. Wanda yake tsaye a kansu shi ne manajan wurin. Shi ya sa za ka ga unguwa biyu na kamfani ɗaya, tsakaninsu tafiyar minti ashirin, ɗaya aikinta tsaf, ɗaya mazaunanta suna ta kuka. Saboda haka wannan unguwar da kuka je ita za ka bincika. Ka tambayi wane ne manajan wurin, tun yaushe yake nan, sau nawa aka canza manaja tun da aka fara ginin. NHBC, cibiyar da ke duba sababbin gidaje tana ba su garanti, tana ba manajojin da suka yi fice wata lambar yabo mai suna Pride in the Job. In naku ya taɓa samu, ofishin sayarwa ba zai ɓoye maka ba.

Taurarin kuwa ƙungiyar magina ta HBF ce ke bayarwa, kuma a baya an daɗe ana lissafa su da amsar da mai saye ya bayar mako takwas bayan karɓar makulli. Mutum mai mako takwas a sabon gida yana cikin ɗoki, mai yiwuwa bai ga hunturu ko ɗaya a cikinsa ba. Kuma aibin da ya fi haɗari ba a ganinsa da ido. A 2019 wani bincike mai zaman kansa da Persimmon ta sa aka yi mata ya gano cewa a gidaje da dama ba a sa shingen da ke hana wuta bin cikin bango ba, ko kuma an sa shi ba daidai ba. Kamfanin ya shiga gyara daga baya, amma ka lura: babu mai sayen da zai iya gano wannan a mako takwas.

Gani ya kori ji. Ka koma unguwar ranar Asabar da yamma, kada ka bi ta ofishin sayarwa. Ka nufi layin da aka fara kammalawa, inda mutane suka shekara ɗaya ko biyu, ka ƙwanƙwasa ƙofa uku ko huɗu. Mutanen nan ba sa rowar labarin gidansu, musamman in an ɓata musu rai. Ka tambaye su abin da ya lalace, da kwana nawa aka ɗauka kafin a zo gyara, don a nan ake gane halin kamfani. Babu sabon gidan da ba shi da 'yan kurakurai. In ka samu ranar da aka yi ruwa, ya fi. Ka dubi bayan gida ko ruwa ya kwanta a ciyawa, ka dubi jerin bulo ko simintin tsakaninsu kaurinsa ɗaya ne, ka duba ko ƙananan ramukan fitar da danshi da ke saman taga da ƙasan bango a buɗe suke ko an liƙe su da siminti. Yawancin irin waɗannan unguwanni suna da zauren mazauna a Facebook, a can ake faɗin gaskiya.

Gidan nuni kuma ka koma masa da tef ɗin awo a aljihu. Wani lokaci gadajen da ake sawa ƙanana ne, wani lokaci a cire ƙofofin ciki don wuri ya yi kamar da faɗi, kuma yawancin abin da ya burge uwargida a kicin ƙari ne da ake biya daban. Ka auna ɗaki na uku da kanka. Gidan Bahaushe ba ya rabuwa da baƙi, kuma in Allah ya kawo Hajiya ta zo zaman jego, za ka so ɗakin ya ɗauki gado da wurin kaya da wurin shimfiɗa sallaya.

Tun 2022 akwai ƙa'idar kare masu sayen sababbin gidaje mai suna New Homes Quality Code. Ka tabbata kamfanin ya yi rajista a ƙarƙashinta. Ita ce ta ba ka kwana 14 na canza shawara bayan kamu, ta kuma ba ka damar kawo ƙwararren mai binciken aibu ya duba gidan kafin a kammala ciniki. Kuɗinsa 'yan ɗaruruwan fam ne, kuma ban ga dalilin da zai sa mai kashe 285,000 ya yi tsimin wannan ba. Garantin shekara goma da za su yi ta faɗa maka kashi biyu ne: shekara biyun farko kamfanin ne ke gyara duk aibin aikinsa, sauran takwas inshora ce ta manyan matsalolin gini kamar harsashi da rufi. Duk ƙorafi ka tura shi a rubuce ta imel da hoto, kada ka tsaya a waya. In sun yi biris, akwai ofishin New Homes Ombudsman da ke sauraron koke a cikin shekara biyun nan.

Batun ko ya kai kuɗinsa, lissafi ne mai sauƙi. Farashin da aka sayar da gidaje a Ingila a bayyane yake a rajistar filaye ta gwamnati, shafukan intanet na tallar gidaje irin su Rightmove da Zoopla ma suna nuna shi. Takardar ƙimar makamashi ta EPC tana ɗauke da girman gida a murabba'in mita. Ka raba kuɗi da girma, ka kwatanta da gidajen kusa masu shekara biyar zuwa goma. Sabon gida yakan fi tsada, kuma wannan ƙarin ba lallai ya dawo ba in ka tashi sayarwa da wuri. Abin da kake samu a madadinsa shi ne sauƙin kuɗin ɗumama gida da rashin manyan gyare-gyare na wasu shekaru. In akwai yiwuwar ku koma wani gari ko gida Najeriya nan da shekara uku, ni dai ban ba ka shawarar sabo ba. Kafet da kayan kicin kada su ruɗe ka. Ka nemi ragi a farashi ko gudummawa a kafin-alƙalami. Hanzarin "wannan watan" sau da yawa rufe lissafin shekara ne ke matsa musu. Lokaci ne mai kyau na neman ragi, amma kuma lokacin ne ake gaggauta aiki, don haka mai binciken nan ya zama dole.

Lauya ka ɗauki naka, wanda ba kamfanin ne ya haɗa ku ba. Ya tabbatar maka gidan mallakar dindindin ne, har da ƙasar da yake kai. A 2017 sai da Taylor Wimpey ta ware fam miliyan 130 saboda gidajen da ta sayar da kuɗin hayar ƙasa mai ninkuwa duk shekara goma. Wata doka da aka yi a 2022 ta toshe wannan a sababbin yarjejeniyoyi, amma akwai wadda ta rage: kuɗin kula da unguwa. In ƙaramar hukuma ba ta karɓi tituna da filayen wasa ba, wani kamfani ne zai riƙa cajin ku duk shekara bayan harajin ƙaramar hukuma da kuke biya, kuma hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya, CMA, ta nuna damuwa a kan wannan a rahotonta na Fabrairu 2024. Ka tambayi nawa ne yanzu, wa ke da ikon ƙara shi. In ba a gama ginin ba, a rubuta ranar ƙarshe da za ka iya janyewa ka karɓi kuɗinka, don tayin bashin gida yawanci wata shida yake yi.

Yanzu filin Kano da adashe. Lauya da banki dole ne su bi asalin kowane fam. Ka adana takardar mallakar filin, yarjejeniyar sayarwa, bayanin asusun da kuɗin ya shiga, da shaidar canji da turowa ta hanyar da hukuma ta sani. Kuɗin da aka ba wani a hannu a Kano wani ya ba ka fam a nan zai iya tsayar da cinikin. Adashen ma ya bi ta banki, da rubutaccen jerin zubi da kwasa. Ka fara haɗa waɗannan kafin kamu, domin kamfanonin nan sukan ba da kwana 28 kacal a sa hannu a kwangila.

Sai harajin sayen gida, wanda 'yan'uwanmu da yawa ba sa sa shi a lissafi. Bisa ƙa'idar Afrilu 2025, mai sayen gidan farko ba ya biyan komai a kan 285,000. Amma in ka taɓa mallakar gidan zama a ko'ina a duniya, ko da gado ne, rangwamen ya faɗi, za ka biya 4,250. In kuma kai ko matarka kuna da gida a yanzu da ya kai darajar fam 40,000, ana iya ƙara kashi 5 cikin ɗari na farashin gidan da za ka saya, harajin ya zama fam 18,500. Fili da ba a gina ba hukuncinsa daban ne, amma in kana da kaso a gidan gado na Kano, ka faɗa wa lauyanka tun zaman farko, kafin ka ba da ko sisin kamu.