Yaya, ga yadda rangwamen harajin karatu yake a Amurka

Yaya, barka da warhaka, ina gida ina yara? Na ga saƙonka kan labarin da ke yawo cewa a Amurka gwamnati na mayar wa iyaye kuɗin makarantar da suka biya, da shawarar da ka kawo in sa sunan yaronka na jami'a cikin takardun harajina ko Allah zai sa mu samu wani abu. Labarin na da tushe, sai dai kafin ya iso gare ku ya yi ƙiba.

Makarantar gwamnati daga firamare har ƙarshen sakandare kyauta ce a nan, harajin gidaje da kuɗin jiha ke riƙe da ita. Ciwon kai a jami'a yake farawa. Shi kuma haraji, tun daga albashi ake yankar shi, sannan kowace shekara zuwa 15 ga Afrilu mutum ya cika takardu ya aika wa IRS, hukumar harajin tarayya, a yi lissafi. In an yanki fiye da kima, a dawo maka da rarar. Yawancin abin da kake jin mutanenmu na murnar an turo musu a watan Maris guminsu ne ya dawo gida.

Rangwamen da aka fi ji da shi ana ce masa AOTC. A 2009 aka kawo shi, zamanin Obama, a 2015 aka mai da shi na dindindin. Dala 2,000 na farko da ka biya wa ɗanka a jami'a ana cire su gaba ɗaya daga harajin da ake binka, sannan a cire rubu'in dala 2,000 na gaba. Dala 2,500 ke nan a shekara ga kowane ɗalibi, kuma nan ne iyaka, ko 4,000 ka biya ko 40,000. Shekara huɗu na farko kawai ake bayarwa. Kuɗin rajista da littattafai suna ciki, kuɗin ɗaki da abinci ba sa ciki, haka ma duk abin da tallafin karatu ya biya a madadinka. In samunka kaɗan ne har harajinka bai kai a cire masa komai ba, ana iya ba ka kashi 40 cikin ɗari na rangwamen a hannu, wato har dala 1,000. Ina kyautata zaton wannan dubu ɗayar ce uwar labarin da kuka ji. Mai ƙarfi kuwa ba da shi ake ba: mutum ɗaya in samunsa ya wuce dala 80,000 rangwamen ya fara raguwa, a 90,000 ya ƙare. Miji da mata masu cika takarda tare, daga 160,000 zuwa 180,000.

Akwai ƙaninsa na masu karatun yamma da kwasa-kwasan ƙarin ƙwarewa, wanda matanmu masu koyon aikin jinya ke amfana da shi. Bai wuce dala 2,000 ga gida ɗaya ba, kuma shi ba a ba da shi a hannu.

Inda muka fi ja-in-ja a tsakaninmu shi ne asusun 529, wanda ya ci sunan sashen dokar haraji da ya kafa shi a 1996. Kana zuba kuɗi tun yaro na goye, a juya su a kasuwar hannun jari, kuma duk ribar da suka haifa ba a taɓa ta da haraji muddin a karatu aka kashe ta. Tun 2018 ma an yarda a biya kuɗin firamare da sakandare masu zaman kansu daga ciki, har da na addini. Jihar New York tana rage wa ma'aurata har dala 10,000 a shekara daga kuɗin da za ta lissafa wa haraji in suka zuba a asusun jihar. Texas da Florida ba sa karɓar harajin albashi, don haka can babu abin ragewa. Wasu cikinmu da gudummawar suna suke buɗe wa jariri asusun. Dattawanmu na Bronx, a birnin New York, kuwa da yawa sun fi yarda da adashi, suna cewa wani ɓangare na kuɗin ana ba da shi rance da ruwa. Damuwarsu ba ta banza ba ce, shi ya sa masu buɗewa kan zaɓi tsarin da hannun jari zalla ne, su kuma tambayi malamai. Ni dai na buɗe, don adashi ba ya jiran yaro shekara goma sha takwas. Tsoron riba ɗin nan ne kuma ya sa rangwamen kuɗin ruwa na bashin karatu bai dame mu sosai ba. Mun fi son yaro ya fara da kwalejin shekara biyu mai sauƙin kuɗi, yana kwana a gida, sannan ya ƙarasa digiri a CUNY, jami'ar gwamnati ta birnin New York.

To, batun yaronka. Doka ta ce wanda zan rubuta a matsayin wanda nake ɗauke da nauyinsa dole ya zama ɗan ƙasa, ko mazaunin Amurka, Kanada ko Meksiko, kuma da lambar shaidarsa ta haraji. Makarantar ma sai wadda Ma'aikatar Ilimi ta Amurka ta amince da ita, ita ce ke ba da fom 1098-T da ake dogaro da shi wajen cika fom 8863 na neman rangwamen. Kuɗin da muke turowa gida kyauta ce a idon hukuma, ladanta na wajen Allah, IRS ba ta rage ko sisi saboda ita. Ko da ya zo nan da bizar ɗalibi, a shekarunsa biyar na farko yawanci baƙo ake lissafa shi, AOTC ba ya hawa kansa.

Akwai masu cika wa mutane takardu da kan yi alkawarin kuɗi mai kauri in ka kawo sunan kowane yaro. Kwaɗayi mabuɗin wahala. In aka gano, za ka mayar da kuɗin da tara a kai, a hana ka rangwamen shekara biyu, in zamba ce shekara goma, kuma ranar neman takardar zama ɗan ƙasa maganar na iya tasowa.

Kuɗin zangon karatu na biyu zan turo daga aljihuna kamar yadda aka saba. Ka sa shi ya ɗauko min hoton takardar da makaranta ta ba su kafin ƙarshen wata. A gaida Hajiya da kyau.