Amsa: Wa ya fara kwaikwayon Firaministan Birtaniya a dandamali?

Malam, ka tambaya ko 'yan wasan barkwancin nan na Monty Python ne suka fara yi wa shugabannin Birtaniya ba'a. A'a, su sai 1969 suka fito a BBC, an riga su.

Wasan da ya fasa wannan ƙwai shi ne Beyond the Fringe, wanda aka fara nunawa a bikin wasanni na birnin Edinburgh a 1960. Samari huɗu ne: Peter Cook da Jonathan Miller daga jami'ar Cambridge, Alan Bennett da Dudley Moore daga jami'ar Oxford.

Cook ne ya riƙa kwaikwayon Firaminista Harold Macmillan yana kan mulki, da muryar dattijon da ya rikice, yana ta shirme da sunan jawabi. Macmillan da kansa ya je kallo a Landan, Cook ya hango shi, ya ko ƙara masa gishiri ido da ido. A ganina nan ne ƙarfin halin yake, don a lokacin ofishin Lord Chamberlain ne ke tace duk wasan dandamali, kuma ba a soke wannan doka ba sai 1968. Shi ya sa Cook ya buɗe kulob ɗin The Establishment a unguwar Soho ta Landan a 1961: na mambobi ne kawai, hannun masu tacewa bai kai can ba.