Amsa ga mai zuma da riɗi: adireshin ya bi kaya, kar ya zauna a waya

Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya sa albarka a nema. Na ga tambayarka cewa ƙaninka ya buɗe maka websait na zuma da riɗin da kake sayarwa daga wajen Taura, kun biya kuɗin suna da komai amma har yau ko kira ɗaya bai shigo ta can ba, kana neman yadda mutane za su san adireshin. Ni gyararriyar shinkafa da bandar kifi nake turawa daga yankin Haɗejia, na daɗe a harkar, bari in faɗa maka abin da na gani da idona.

Da farko ka san wa aka yi wa shafin nan. Ba mutumin garinku ba ne, shi ya san ƙofar gidanka, in ma bai same ka ba zai gan ka a Gujungu ranar Lahadi, ba zai ƙona datarsa don ya ga hoton zumar da yake iya ɗanɗanawa da yatsa ba. Waɗanda aka yi wa shafin su ne namu da ke aiki Abuja da Kaduna da Legas da Fatakwal, masu neman zuma ta gaskiya wadda ba a haɗa da sukari ba, suna da kuɗin saye amma tsoro suke ji kar su tura a cinye. Websait kamar rumfa ce da ka kafa a bayan gari, ko kayan ciki sun kai me kyau sai ka nuna wa mutane hanya.

Abin da ya fi kawo min kwastoma wallahi ba talla a intanet ba ne, kayan ne da kansu. Duk jarka ko kwalbar da za ta bar hannunka ka manna mata sitika mai ɗauke da adireshin da lambar waya, da manyan baƙaƙe yadda dattijo zai karanta ba tare da tabarau ba. In za ka buga a Kano ka ce musu mai leda kake so, don ta takarda zalla da zuma ta ɗiga a kai ko aka goge da tsumma mai ruwa shi ke nan rubutu ya tafi. Ni a buhun shinkafa nake sa a buga min a jiki, kwalin kifi kuma ina saka ɗan kati a ciki. Ka duba fa, jarka ɗaya in ta je gida a Abuja ba mutum ɗaya ne zai gan ta ba, baƙi za su sha shayi da ita, maƙwabciya za ta tambayi uwargida a ina kika samo, ita kuma ba sai ta tsaya neman lamba ba, juya jarkar kawai za ta yi a ɗauki hoto. Ko a tasha ma kaya sukan yi awanni a ajiye kafin mota ta cika, fasinjoji na zaune suna karantawa, akwai mai gidan abinci da ta same ni ta haka kuma har yanzu muna ciniki.

Amma kafin ka kashe kuɗin sitika ka gwada sunan. Kira wani a waya ka faɗa masa adireshin sau ɗaya ka ce ya rubuta, in ya ce maimaita ko ya tambaye ka akwai ɗan layi a tsakiya ne, to sunan ya yi tsawo, gara a canza tun yanzu. Sannan ka tambayi ƙanin naka da sunan wa da imel ɗin wa aka yi rajista, wannan kar ka ji kunyarsa. Sunaye masu ƙarewa da .ng ko .com.ng hukumar NiRA ce ke kula da su, kuma sunan haya ne ba saye ba, duk shekara ake sabuntawa. Wani maƙwabcina mai man gyaɗa ya buga sitika da yawa, yaron da ya yi masa shafin ya tafi makaranta ya canza layi, shekara ta zagayo ba a biya ba, adireshin ya daina buɗewa alhali yana manne a jikin galan ɗinsa ko'ina, abin ya ba ni tausayi sosai. Ka rubuta ranar sabuntawar a bango in ta kama.

Sai WhatsApp, nan ne cinikin yake ƙarewa ko ka so ko ka ƙi. Ka koma WhatsApp Business, kyauta ne, akwai wajen sa adireshin websait a bayanan kasuwanci da wajen jera kaya da farashi. Sitatus awa 24 yake yi ya ɓace don haka kullum ka ɗora wani abu, kuma ba hoton da aka ɗauko a intanet ba, ɗan bidiyo kana tace saƙar zuma ko kana sheƙe riɗi, ka yi magana da bakinka da Hausa, ka rubuta adireshin a ƙasa. Saƙon da ake turawa jama'a da yawa lokaci ɗaya mutum 256 yake ɗauka, kuma wanda ya ajiye lambarka ne kaɗai zai samu, shi ya sa duk wanda ya saya nake roƙonsa ya ajiye tawa. Don Allah kar ka riƙa watsa adireshin tsirara a guruf ɗin mutane safe da yamma, ba mai dannawa don 'yan damfara sun ɓata hanyar, ƙarshe ma a cire ka.

Shafin kansa ka buɗe shi da wayarka a nan ƙauye inda netwok ke wahala, in ya daɗe yana juyawa a rage nauyin hotuna. Mutum na shiga ya ga farashin lita da na kwano, ya ga ta wace tasha kake turawa da kwana nawa kaya ke yi, ya ga wurin da zai danna ya faɗo WhatsApp ɗinka kai tsaye. In ka yi rajistar sunan kasuwanci da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka sa lambar a fili, kuma sunan akawun ɗin da za a tura kuɗi ya zo ɗaya da sunan da ke shafin, don da yawa a nan suke fasawa, sun ga suna daban sai gabansu ya faɗi. In kuma kana da burin shagunan birni su ɗauki zumar to ka fara tunanin lambar NAFDAC, za su tambaya.

Ka sa kasuwancin a taswirar Google, shi ma ba a biya, akwai gurbin websait a ciki. Tallan Facebook na kuɗi yana aiki in ka zaɓi garuruwan da kake iya kai kaya, ka fara da kaɗan ka ga abin da ya dawo. Rediyo kuwa lambar waya ta fi shiga kunne a kan adireshi. Masu cewa ka biya su kawo maka dubban masu ziyara ka rabu da su, ba mai sayen ko cokali a ciki.

Duk sabon wanda ya kira ka tambaye shi a ina ya gan ka, ka rubuta a littafin ciniki, bayan 'yan watanni kai da kanka za ka san inda ya kamata kuɗinka ya tafi. Ka yi ƙoƙari sitikar ta fito kafin azumi don lokacin ne ake neman zuma sosai. Turo min adireshin ta akwatin saƙo in buɗe da wayata daga nan in faɗa maka yadda ya buɗe.