Ku Tambaye Mu: Shampen da ruwan inabi mai kumfa duk abu ɗaya ne?

Tambaya: Salam Malam, ni mai shagon lemo ne a Agege, in ana biki ana yawan sayen ruwan inabin nan mai kumfa da ake buɗewa ya yi ƙara. Wani kwastoma ya ce min wai asalinsa shampen ne na Faransa, wai ƙasar gonar ce ma ke sa tsadarsa. Gaskiya ne? Kuma namu ɗin akwai giya a ciki?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kwastoman naka ya faɗi rabin gaskiya ne. Shampen giya ce kam, babu kwana-kwana, kuma sunan wani yanki ne a arewa maso gabashin Faransa wajen garuruwan Reims da Epernay, a dokarsu in ba can aka noma inabin aka haɗa ba to ba ka isa ka kira shi da sunan ba.

Maganar ƙasa kuwa gaskiya ce. Ƙarƙashin da yawa daga gonakin nan farin alli ne, shi kuma alli yana shanye ruwan sama ya riƙe, ruwa bai kwanta ya ruɓar da saiwa ba, in fari ya zo kuma itacen ya riƙa tsotsa a hankali, ga wurin da sanyi, shi ya sa inabin ke nuna ba tare da ya rasa ɗan tsaminsa ba, wannan tsamin kuwa shi suke nema. Kai da ke kusa da kasuwar Mile 12 ai ka san albasar Aliero daban take ko da iri ɗaya aka shuka a wani wuri. Har ramukan da suke ajiye kwalaben ma a cikin allin aka haƙa su, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2015.

Gonakin duka wajen hekta 34,000 ne, mafi yawansu a hannun ƙananan manoma, gado ne daga kaka zuwa jika, wasu su sayar wa manyan kamfanoni inabin wasu su haɗa nasu su manna sunan gidansu. Da hannu ake tsinka, doka ta hana inji, sannan kwalba sai ta kwana aƙalla wata 15 a rami kafin ta fito kasuwa, to ina arha za ta fito?

Naka na shago kuwa yawanci ruwan inabi ne da aka ɗura wa gas kamar sauran lemo, bai tsimu ba. Amma fa a duba, don kwalaben kama suke yi sosai, har takardar gwal ɗin wuyan. Karanta jikin kwalbar ka ga an rubuta 0.0%, wato babu sinadarin maye, da lambar NAFDAC. Akwai kuma wanda giya ce tun asali aka cire mata sinadarin maye daga baya, wannan kam sai ka tuntuɓi malamin unguwarku kafin ka saro shi.