Tsakanin "sorry" da "sannu"

Wata malamar firamare daga unguwar Mabera a Sakkwato ta tambaya: "Malam, ɗalibina ya yi tuntuɓe na ce masa sorry, sai abokiyar aikina ta ce kuskure ne, tunda ba ni na ture shi ba. Wa ke da gaskiya?"

Malama, ba ki yi laifi ba, amma ita ma ba da ka ta yi maganar ba. Bature yakan faɗi kalmar nan idan yana neman afuwa, ko yana jajen rashi, ko bai ji abin da aka ce ba yana so a maimaita. A tsohon Turanci tushenta ɗaya da kalmar da suke kiran ciwo ko miki da ita, wato mai faɗinta zafi yake ji a zuci. Sai dai a Ingila, wanda ya yi tuntuɓe in kika ce masa haka, yana iya ce miki ai ba laifinki ba ne. Mu a Najeriya "sannu" ɗinmu muka sa wa rigar Turanci, kuma kowa ya gane.

Abin da ke damuna shi ne yadda "sori" take cinye mana kalmomi. Kwanaki a wani zaman makoki a Runjin Sambo, saurayi ya shigo, waya a hannu, ko durƙusawa bai yi ba, ya ce wa dattijon da ya rasa ɗa, "Sori, Baba." Dattijon ya ɗaga kai ya dube shi, ya sunkuyar. Ina "ya haƙuri"? Ina "Allah ya jiƙan rai"? Majinyaci sannu ake yi masa. Wanda ka taka, ka ce ya yi haƙuri. Mai neman hanya ya ce gafara dai. Wanda ya ci amana kuwa yafiya zai roƙa, bakinsa ya yi nauyi kafin ta fito. Duk wannan a dunƙule shi a gaɓa biyu don ƙyuya?

Wani daga Arkilla yana tambaya ko "caji ofis" da cajin waya abu ɗaya ne. Kalmar Turancin ɗaya ce, ma'ana biyu. Ta farkon tuhuma ce, ta shigo mana tare da 'yan sandan Turawa bayan cin Sakkwato a 1903.

Wata ɗaliba kuma ta kawo karin maganar nan, "sannu ba ta hana zuwa", tana tambayar wace sannu ce ake nufi. Wannan sannun ta tafiya a hankali ce, 'yata. Cikon karin shi ne "sai dai a daɗe ba a je ba".