Hunturu, Ɗari da Wutar da Ake Ɗebowa a Maƙwabta

Wani ɗan'uwa mai sana'ar gwari a kasuwar Mile 12 da ke Legas ya aiko da tambaya. Ɗansa, haifaffen Agege, ya ga bidiyon wasu Turawa da suka koma zama a dajin Kanada, ba lantarki, ba famfo, dusar ƙanƙara ta toshe musu ƙofa. Sai yaron ya ce, "Baba, wannan ne hunturun da kake ba mu labari?" Uban ya nemi a bambance masa hunturu, ɗari da sanyi, a kuma faɗa masa yadda Bahaushe ke kiran irin wannan zama.

Malam, Allah ya raya mana yaron nan, tambayarsa ta yi mini daɗi ƙwarai. Sanyi shi ne uwa, komai yana shiga cikinsa: ruwan randa, safiyar damina, har hali da murya da jikin da ya ji mummunan labari. Ɗari kuwa busasshen sanyi ne, wanda ke tsaga leɓe ya sa fata ta yi fari fat. A baki ana jan "ɗa" ɗinsa, shi ya raba shi da ɗari na lissafi, ko da yake a rubuce kamarsu ɗaya. Hunturu ita ce iskar da ke kawo ɗarin, daga ita lokacin ya sami suna. Tana busowa daga arewa maso gabas, daga Sahara, tun ƙarshen Nuwamba har wajen Maris, kuma yawancin ƙurar da take ɗauko mana daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa. Ƙurar in ta tsaya a sama ta dushe rana, sunanta hazo. In sanyin ya kai maƙura sai a ce ana muku-muku.

Masu fassarar labarai sun ara wa lokacin sanyin Turai da Kanada sunan hunturu, don haka yaron bai yi kuskure gaba ɗaya ba. Sai dai nasu da ruwa yake zuwa, daskararre, namu kuwa ƙafar da ruwa yake yi. A nan Legas, saboda damshin teku, iskar ba ta isowa da ƙarfinta, 'yan kwanaki ne tsakanin ƙarshen Disamba da Janairu. Yaron da bai taɓa ganin faso a dugadugin kakarsa ba, dole kalmar ta zame masa suna kawai.

Batun sunan zaman, Bahaushe bai sa masa suna ba, domin a wurin kakanninmu shi ne zama. Yanzu mukan ce wuri ne da babu wutar Nepa, sunan hukumar da aka kafa a 1972, wanda ya zauna a bakin mutane har bayan an sauya shi a 2005. Abin da nake so ka lura da shi shi ne kalmar wuta kanta. A Idi-Araba wuta aba ce da ake kawowa, ake ɗaukewa, ake yankewa. Duk ayyukan na wani ne, kai naka jira. A ƙauye wuta hura ta ake yi, a iza ta, a ji ɗuminta, a rufe ta da toka ta kwana. In ta mutu sai a aiki yaro ya ɗebo a maƙwabta. Ni kaina an aike ni da asuba, da garwashi uku a tsingaro, ina tare iska da tafin hannu, haƙorana na karo da juna. Kafin in dawo kakata ta jera karan dawa a ƙarƙashin gadon ƙasa, ta ajiye man kaɗe kusa da murhu don ya narke ta shafe mana ƙafafu. Har yau in na ji an ce "jin ɗumi" ƙamshin wannan hayaƙin nake ji.

Wata Hajiya daga Obalende ta tambayi asalin karin maganar nan, "Iska na wahalar da mai kayan kara." Hajiya, a ganina a lokacin hunturu aka haifi wannan magana. Bayan kaka, an yanke dawa da gero, sai a shiga kwasar kara daga gona, don shi ne makamashi, shi ne danga, shi ne abincin dabbobi. Damin kara ba shi da nauyi, amma yana da tsawo da faɗi. Mutum ya ɗora a ka, hunturu ta kama damin ta juya shi gabas, ya gyara ta mai da shi yamma, yana tafe yana tangaɗi. Shi ya sa ake faɗarta ga wanda ke ta fama a kan abin da ba zai kai shi ko'ina ba, ko wanda ya ɗauko wa kansa rigimar da ta fi ƙarfinsa. Na ji matasa na cewa "mai kayan kaba", ban yarda da wannan ba, kara ne.

Hajiyar ta kuma haɗa da "Da sanyin safe ake kama fara." Wannan a fili take. Fara in ta kwana cikin sanyi fukafukanta kan yi nauyi, sai a tsince ta da hannu a jikin ganye. Rana na ɗagawa ta tashi. Masu sammakon tarar motocin tumatir a Mile 12 sun fi ni sanin fassararta.